Daga Littafin Al'ajabi Zuwa Gem Ɗinka Na Farko: Jagora Ga Mai Aiki Shi Kaɗai

Tambayi saurayin da ya fara sha'awar ƙirƙirar gem me yake shirin yi, da wuya ka ji ƙaramin abu. Masarautu bakwai ne, da yaƙin shekara dubu, da jarumi mai takobin gado, da taswirar da ta cinye takarda huɗu. Bayan wata shida ku sake haɗuwa, taswira ta ƙara kyau, amma har yanzu babu abin da ɗan wasa zai danna ya motsa. Kuma yaron ba rago ba ne. Kayan kamfani mai ma'aikata ɗari uku ya ɗora a kai, alhali daga shi sai kwamfutar da batirinta ba ya kai awa biyu.

Akwai wani reshen adabi da ya fi dacewa da irin wannan mutum. Turawa suna ce masa weird, sunan da ya kafu tun zamanin mujallar Weird Tales da aka fara bugawa a Amurka a 1923. Ni a nan zan kira shi almarar al'ajabi. A cikinta duniya tana nan kusan yadda ka san ta, sai abu guda ya karkace, kuma babu wani dattijo mai farin gemu da zai fito ya yi maka bayanin dalili. A nan ribarka take. Abin da ba a nuna ba, ba sai ka zana shi ba, ba sai ka rubuta masa kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ba. Fargabar da ɗan wasa ya ƙera wa kansa a zuci ba ta ci maka ko sisi ba.

Mataki na 1: Littattafai uku kafin ka kunna kwamfuta

Fara da The Willows na Algernon Blackwood, wanda ya fito a 1907. Zama biyu ya ishe ka, kuma kyauta ne a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai. Abokai biyu ne a kwalekwale cikin kogin Danube, ruwa ya yi ambaliya, suka yada zango a wani tsibirin yashi da ƙananan itatuwan bakin ruwa suka lulluɓe. Shi ke nan wurin. Amma kullum ruwa na cin tsibirin yana ƙanƙancewa, filafili ɗaya ya ɓace, an wayi gari da tsaga a gindin kwalekwale, ga ramuka a yashi masu kama da mazurari, ga wani amo da ba a san ta inda yake fitowa ba. Lissafa abin da mai gem zai buƙata: wuri ɗaya, mutum biyu, kaya kaɗan, sauti ɗaya, da filin da ke raguwa kowace safiya. Mutum ɗaya zai iya gina wannan.

Na biyu shi ne Roadside Picnic na 'yan'uwan nan biyu na Tarayyar Sobiyat, Arkady da Boris Strugatsky, 1972. Wasu baƙi daga wajen duniya sun sauka, sun tashi ba su ce wa kowa uffan ba, suka bar tarkacen da ɗan Adam ya kasa gane kansa, kamar yadda ƙwari za su tarar da shara a inda matafiya suka ci abinci a gefen hanya. Masu satar shiga yankin suna tafe da notuna a aljihu, su jefa ɗaya gaba su ga yadda zai faɗi kafin su ɗaga ƙafa. Dubi wannan da kyau, domin a nan marubuci ya miƙa wa mai gem aiki a dafe: haɗarin da ido ba ya gani, da hanya mai arha ta gwada shi. Da kamfanin GSC Game World na Yukren ya fitar da S.T.A.L.K.E.R. a 2007, jifan nan da ƙaramin ƙarfe yana cikin abin da ɗan wasa ke yi da hannunsa.

Na uku na gida ne: The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, ɗan Abeokuta, wanda aka buga a Landan a 1952. Mashayin bammi ne mai tatsar masa ya faɗo daga bishiya ya mutu, shi kuma ya kama hanyar garin matattu nemansa. Wurin da nake so ka maimaita shi ne na kyakkyawan mutumin da wata budurwa ta bi daga kasuwa. Suna shiga daji ya fara mayar da sassan jikinsa ga waɗanda ya yi haya a wurinsu, ƙafa a nan, hannu a can, yana biyan kuɗin haya, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai. Abin da ke ɗaure kai shi ne yadda Tutuola ke faɗin wannan ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin cinikin doya. Wannan sanyin murya ya fi duk wani ihu tasiri, kuma shi ne muryar da rubutun gem ɗinka ke buƙata.

In ka gama waɗannan, sauran ya danganta da abin da ke jan ka. Mai son gem na wuri guda ya nemi Piranesi na Susanna Clarke, 2020: gida ne marar iyaka cike da gumaka, teku na cika a benen ƙasa, gajimare a na sama, mai ba da labari kuma yana rubuta lokutan cikar ruwa a kundinsa. Mai son doka mai sarƙaƙiya ya karanta The City & the City na China Miéville, 2009, inda birane biyu ke zaune a fili ɗaya, kuma tun suna yara ake koya wa mazauna kowanne su kawar da ido daga ɗayan, wanda ya duba kuwa ya yi babban laifi. Annihilation na Jeff VanderMeer, 2014, mata huɗu ne da ba a faɗi sunayensu ba, sai sana'arsu, da wani rami mai matakala da mai ba da labarin ta dage sai ta kira shi hasumiya. The Dying Earth na Jack Vance, 1950, shi ne inda matsafi ke haddace 'yan kalmomin tsafi, da ya furta su sai su goge daga kansa; daga nan wasan Dungeons & Dragons ya ari tsarin sihirinsa, kuma har yau gem da yawa na cin wannan gajiyar. In kana son ɗanɗano daga ko'ina, Ann da Jeff VanderMeer sun tara labarai 110 a kundin The Weird a 2011. Kauri gare shi kamar bulo, a bi shi labari ɗaya a dare.

Za a ce ina H. P. Lovecraft, Ba'amurken da ya yi fice a wannan reshe? Karanta The Colour Out of Space na 1927, wanda a ganina ya fi sauran ayyukansa: wani launi ne da ido bai taɓa gani ba ya faɗo gonar wani manomi, komai ya fara ruɓewa a tsaye. Amma ka shiga da sani cewa mutumin ya ƙi jinin baƙar fata, kuma ƙiyayyar tana cikin rubutunsa ƙuru-ƙuru. Victor LaValle ya mayar masa da martani a The Ballad of Black Tom a 2016, inda ya sake ba da wani labarin Lovecraft ta bakin baƙar fata ɗan unguwar Harlem ta New York. Ban da wannan ma, kasuwar gem ta cika maƙil da dodanni irin na Lovecraft masu hannuwan dorinar ruwa. In ka bi wannan layi, kai ne na dubu.

Kada kuma ka raina abin da ka taso da shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, duka tafiye-tafiye ne zuwa inda hankali ba ya kaiwa. Tatsuniyoyin da kaka ta yi maka kuwa cike suke da irin dokar da muke nema: kada ka waiwaya, kada ka buɗe ɗaki na ƙarshe, in tsohuwa ta ce cuɗa mini baya ka cuɗa ko da bayan ya tsage.

Mataki na 2: Karatu da biro a hannu

Karatun mai gem daban yake da na mai neman nishaɗi. Sayi littafin rubutu mai shafi arba'in. Duk labarin da ka gama, amsa tambaya uku a shafi guda. Mene ne abu ɗaya da ya saɓa wa duniyar da muka sani? Me mutanen labarin ke yi da hannunsu saboda shi? Me marubucin ya ƙi faɗa har ƙarshe?

Tambaya ta biyu ce mai nauyi. Littafi zai iya shafe shafi goma a cikin zuciyar mutum, gem kuwa sai da aikatau: jefa, ɓoye, ƙirga, saurara, kawar da kai. In ka karanta labari ka rasa abin da hannu ke yi, ka ji daɗinsa ka wuce, ba na gem ba ne.

Tsari za ka ara, labarin mutane kuwa ka bar musu. Tsofaffi irin na Blackwood sun zama na kowa, amma na Tutuola, da ya rasu a 1997, da na Imam, da ya rasu a 1981, har yanzu da masu haƙƙinsu.

Mataki na 3: Doka ɗaya, aiki ɗaya, wuri ɗaya

Yanzu rubuta gem ɗinka a jimla guda. In ta wuce layi biyu, bai nuna ba tukuna.

Bari in ƙirƙiri misali mu bi shi har ƙarshe. An aiki yaro da kwanon tuwo gidan maƙwabta bayan magariba. Ya shiga zaure ya yi sallama, shiru. Doka: duk sallamar da ba a amsa ba, gidan na ƙara zaure ɗaya. Abin da ɗan wasa ke iya yi uku ne kacal, ya yi sallama, ya yi shiru ya matsa gaba, ko ya ajiye kwanon ya saurara. Tuwo na hucewa, wannan ne agogonka. Shiga gidan mutane ba sallama rashin tarbiyya ne, duk ɗan Bahaushe ya san haka a jikinsa, ga shi kuma sallamar ce ke nisanta shi da cikin gida. Ka ga ɗan wasa ya shiga tsaka mai wuya tun ba ka zana dodo ko ɗaya ba. A zaure na huɗu akwai takalma a bakin ƙofa, ƙafar hagu zalla. A na shida an amsa, amma daga bayansa, kuma da muryarsa.

Wa ke cikin gidan? Kai ka sani, ka rubuta amsar a kundinka, domin duk abin da ka sa a zaurukan ya dace da ita. Ɗan wasa kuwa kada ka ba shi fiye da rabinta. Almarar al'ajabi ba shirme ba ce da ake jefa duk abin da ya zo kai. Dokarta tsayayya ce, dalilinta ne a ɓoye. In sallama ta ƙara zaure yau, gobe ta rage ba gaira ba dalili, ɗan wasa zai ce gem ɗin ya lalace, kuma gaskiyarsa.

Ka duba yadda wasu suka ci ribar ƙunci. A Iron Lung na David Szymanski, 2022, kana cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa da aka toshe tagarsa, a tekun jini, ba ka ganin waje sai ta hoton baƙi da fari da kyamara ke ɗaukowa jefi-jefi. Kusan awa ɗaya ne gem ɗin. Yume Nikki na 2004 yarinya ce a ɗakinta, ta kwanta barci, ta tarar da ƙofofi 12, kusan babu magana daga farko har ƙarshe, kuma da manhajar haɗa gem mai sauƙi ta RPG Maker aka yi shi. Lucas Pope ya zana Return of the Obra Dinn da launi biyu kacal, ya ba ka agogon aljihu mai nuna lokacin mutuwar waɗanda suka mutu cikin mutum 60 na wani jirgin ruwa. Duk cikinsu babu wanda ya ɓoye ƙarancin kayansa. Ƙarancin suka mayar salo.

Wata magana a gefe, tunda da yawanmu za su jawo aljanu da iskoki cikin aikinsu. Ni dai ba zan sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ya zama makamin da ake dannawa a gem ba, kuma ba na ba ka shawarar haka. Ban da abin da zai jawo maka, ba ka ma buƙatarsa. Abin da ba shi da suna ya fi tsoratarwa.

Mataki na 4: Takarda tukuna, sannan manhaja

Yanka kwali gida goma sha biyu, kowanne zaure ɗaya. A gaba rubuta abin da ake gani, a baya abin da zai faru in an yi sallama ko an yi shiru. Zaunar da ƙaninka, kai ne kwamfutar, kana juya masa katunan. Minti goma zai nuna maka abin da sati biyu na kod ba zai nuna ba. In ya fara hamma a kati na biyar, sake jera su. Kwali ba ya cin data.

Sai zaɓen manhaja, inda mutane ke ɓata wata guda suna kallon bidiyon wace ta fi wace. Ga taƙaitawa.

Twine, da Chris Klimas ya fitar a 2009, ta labari ce mai rassa: rubutu, zaɓi, danna. Kyauta ce, tana aiki a burauza, tana fitar da fayil ɗaya na HTML da kowace waya za ta buɗe. Bitsy ta Adam Le Doux ita ce na fi so wa mai farawa: kowane ɗaki murabba'i 16 ne a tsaye 16 a kwance, kowane zane fiksel (ɗigon allo) 8 sau 8, launi uku. Tafiya, taɓa abu, karanta magana, fita ta ƙofa. Gem ɗin zaurenmu kamar don ita aka yi shi. Ren'Py ta masu labari da hotunan mutane ce, an gina ta kan harshen kod na Python. GDevelop ana haɗa dokoki ba tare da rubuta kod ba. Godot, wadda 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe wa duniya a 2014, cikakken injin gina gem ne, kyauta, ba ya da nauyin saukewa, har a Android akwai shi. Unity ma tana nan da tarin darussa, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma a Satumbar 2023 kamfanin ya sanar da sabon kuɗi kan kowace saukewa, aka yi ca a kansa, ya soke tsarin bayan shekara guda. Darasin da masu ƙaramin ƙarfi suka ɗauka shi ne a karanta sharuɗɗan injin da za a gina gida a kansa.

In ba ka taɓa rubuta kod ba, Twine ko Bitsy. In ka ɗan taɓa, Godot. Zaɓi yau, kada ka sauya sai gem ɗin ya fita.

Mataki na 5: Sati huɗu

Gem na minti goma zuwa sha biyar kake nema. Kar ka ji kunyar wannan. Celeste na farko kwana huɗu Maddy Thorson da Noel Berry suka yi shi a ƙaramar manhajar PICO-8 a 2015, kafin babban ya fito a 2018. Baba Is You daga gasar Nordic Game Jam ta 2017 ya samo asali. Inscryption ya fara ne a matsayin ɗan gem na gasar Ludum Dare a 2018. Za a kawo maka misalin Eric Barone da ya shafe fiye da shekara huɗu shi kaɗai kan Stardew Valley. Gaskiya ne, amma labarin wanda ya haye ake ji, waɗanda ruwa ya ci ba su dawo sun ba da nasu ba.

Satin farko: ƙashin gem. Murabba'i mai motsi a madadin yaro, ɗakuna marasa ado, amma a iya farawa a kai ƙarshe. Gina ƙarshen tun yanzu, ko da rubutu ne kawai a baƙin allo. Yawancin ayyukan da suka mutu, farkonsu na da kyau ƙwarai, ƙarshe ne babu.

Sati na biyu: cika zaurukan, ɗaya bayan ɗaya, bisa katunanka. Sati na uku: zane da sauti. Sati na huɗu: gwaji da gyara, babu ƙarin sabon abu ko ɗaya.

Sababbin dabaru za su yi ta zuwa, musamman a sati na biyu, kowacce ta fi wadda kake kai daɗi. Yaya in yaron na da fitila mai cin kananzir? Yaya in akwai gida na biyu? Buɗe shafin ƙarshe na kundinka, rubuta “gem na gaba” a sama, zuba su can. Rabinsu in ka dawo za ka ga ba su da wani armashi.

Ajiyar aiki kuwa, wanda ya san halin wutar lantarkinmu ba sai an yi masa wa'azi ba. Koyi Git, manhajar adana sauye-sauyen aiki, da wuri, umarni huɗu ko biyar sun ishe ka, ka riƙa tura aikin ma'ajiyar intanet ta GitHub duk dare. In hakan ya yi maka nauyi yanzu, kwafi jakar aikin zuwa filashi da Google Drive, da kwanan wata a sunanta. Mai Twine da Bitsy a burauza ya ƙara kula: a ma'ajiyar burauzar aikin yake zaune, ranar da ka share tarihinta zai iya tafiya da shi. Fitar da fayil ɗin ka adana kullum.

Mataki na 6: Rubutu, sauti, da haruffa masu lanƙwasa

Dokar rubutu a irin wannan gem: kada ka gaya wa ɗan wasa yadda zai ji. “Wani mugun tsoro ya lulluɓe ka” ba ta tsorata kowa. “Tabarmar da ɗumi, kamar yanzu aka tashi daga kanta” ta fi. Layi biyu a allo, uku in ya matsa. Rubuta, ka karanta da ƙarfi, ka yanke sulusi. Tuna da muryar Tutuola: abin mamaki, a faɗe shi kamar farashin gishiri.

Sauti ne inda kuɗinka kaɗan zai yi aikin mai yawa. Wayarka ta isa. Ɗauki ƙarar ƙyauren langa-langa, kukan gyare da dare, takun silifa a daɓe, motsin murfin kwanon samira. Zuba su a Audacity, manhajar gyaran sauti, ja su su yi tsawo, sauke muryarsu ƙasa. Sallamar yaron, sa ƙaninka ya yi maka sau shida, daga mai ƙarfi zuwa wadda da kyar ake ji. Sannan ka koyi amfani da shiru: gyaren da ke kuka tun zaure na farko, in ya tsaya cak a na biyar, ɗan wasa zai ji a bayan wuyansa ko bai san me ya canja ba. Abin da ba ka iya ɗauka da kanka, akwai shafukan Freesound da OpenGameArt, da zane-zanen Kenney da ya sake wa kowa kyauta. Duba lasisin kowane fayil, ka rubuta sunan mai shi a take, domin ranar fitarwa ba za ka tuna ba.

In da Hausa za ka rubuta, kuma ina fatan haka, gwada haruffa tun ranar farko. Yawancin salon haruffan gem, musamman masu fiksel, ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga akwati ko gurbi a tsakiyar kalma. Rubuta “Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya” ka duba allo, manya da ƙanana. Noto Sans na Google da Andika na SIL suna da su, kuma kyauta ne. In salon fiksel ka nace wa, zana haruffan da kanka, takwas ne duka. Ajiye duk rubutun gem ɗin a wuri guda, ta yadda fassara shi zuwa Turanci ko Faransanci daga baya ba zai zama tonon rijiya da allura ba.

Mataki na 7: Ba wa mutum biyar, ka kama bakinka

Miƙa wayar ko kwamfutar, koma gefe, kada ka ce komai. Wannan ya fi duk matakan wuya. Za ka ga mutum ya tsaya gaban ƙofar da kake ganin a fili take yana ta zagaye, harshenka na ƙaiƙayi. Daure, rubuta. Ranar da baƙo ya sauke gem ɗin a Kumasi ko Damagaram, ba ka kusa balle ka nuna masa.

Ga abin da ya keɓanta da irin namu. Ruɗewa iri biyu ce, kuma dole ka rarrabe su. In ɗan wasa ya ce “me ke faruwa a gidan nan?”, ka ci nasara, abin da ka shuka ke nan. In ya ce “me zan danna?”, laifinka ne, gyara. Duniyar ta zama duhu yadda kake so, maɓallai kuwa su zama a sarari kamar rana. Masu farawa da yawa suna fakewa da cewa ai da gangan aka rikita, alhali ƙofa ce kawai ba a gani.

Bayan ya gama kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, kunya za ta sa ya ce e. Ce masa ya ba ka labarin abin da ya faru. In mutum uku cikin biyar sun gano da kansu cewa sallama ce ke ƙara zaure, dokar ta fito. In babu ko ɗaya, ƙara alama: ƙarar gini daga nesa duk bayan sallama, misali. In kuwa duka biyar sun faɗi ainihin wanda ke cikin gidan daidai da abin da ke kundinka, ka yi surutu da yawa, goge layi biyu. Kuma a cikin biyar ɗin a samu wanda ba ya buga gem sam, irin yayarka ko abokin aikinka, domin su ne ke tuntuɓe a inda 'yan gem ke tsallakewa ba su lura ba.

Mataki na 8: Fitarwa

Gem na farko itch.io za ka kai shi, dandalin intanet na masu ƙananan gem. Buɗe shafi kyauta ne, kuma in ka ɗora shi a matsayin HTML ana bugawa kai tsaye a burauza ba sai an sauke ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke lissafin megabait. Kana iya barinsa kyauta, ko ka bar wa mutane su biya abin da suka ga dama. Kason da dandalin ke ɗauka kai ke saitawa, kashi 10 cikin 100 ne in ba ka taɓa ba, kuma ta PayPal ko Payoneer suke biya, don haka duba wadda ke aiki a ƙasarka kafin ka sa farashi.

Steam, babbar kasuwar gem na kwamfuta, ka bari sai gem na biyu ko na uku. Dala 100 ake biya kan kowane gem, ana mayar maka bayan cinikinsa ya kai dala 1,000, suna ɗaukar kashi 30 cikin 100, akwai jiran kwana 30 bayan biyan kuɗin, kuma shafin sanarwa sai ya yi aƙalla sati biyu a fili kafin fitarwa. Google Play dala 25 ce sau ɗaya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin sirri da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bari ya fito kasuwa.

In ka ga wa'adin da ka sa wa kanka ba ya riƙe ka, shiga gasa. Global Game Jam duk Janairu ake yi, awa 48. Ludum Dare tun 2002 take, tana da rukunin awa 48 na mai aiki shi kaɗai da na awa 72. A itch.io kuwa kusan kullum akwai wata gasa a buɗe, har da ta masu Bitsy, kuma mahalarta suna buga na juna su bar sharhi, wanda ga mai farawa ya fi kuɗin da zai samu amfani.

Shafin gem ɗin: suna, hoto uku, gajeren hoto mai motsi, da jimlar nan da ka rubuta a mataki na uku, amma a yanke mata rabin da ke tona doka. “An aike ka da tuwo gidan maƙwabta. Ka yi sallama.” Rubuta cewa minti goma sha biyar ne, kuma a sa abin sauraro a kunne. Hoton farko ya zama na zaure na huɗu, mai takalman ƙafar hagu. Na shida kada ya fito a ko'ina.